Ƙafafu arba'in ba su motsa ba, amma aiki ya tsaya mako uku: abin da ya faru da na'urorin ɗakin 'yan tsaki a Jos

A bangon shagonmu da ke kan titin Bauchi a Jos akwai wani farin allo da muke rubuta ayyukan mako. A watan Agustan 2023, lokacin da ruwan sama ya hana masu kawo gyara fitowa, muka ware gefe guda na allon muka rubuta a samansa: abin da Raspberry Pi 5, sabuwar ƙaramar kwamfutar da ake jira, za ta zo da shi. Mu uku ne a shagon. Akwai Oga mai wurin, akwai ni da nake zana fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kansa, da rubuta manhaja, sai wani ɗalibi da ya zo koyon aiki na wata shida. Hira ce kawai ta wajen shan shayi, domin Eben Upton, shugaban kamfanin da ke ƙera ta, ya riga ya faɗa a ƙarshen 2022 cewa kada a sa ran sabuwa a 2023.

Kowa ya rubuta nasa ya sa harafin sunansa a gefe. Ni na ce za ta zo da ma'adanar aiki mai gigabait 16. Oga ya ce za a sa mata gurbin faifan ajiya mai sauri a jikinta, kuma za a dawo da babban ramin HDMI, wanda ake jona talabijin ta kansa, a daina wahalar da mutane da ƙananan nan. Ɗalibin ya rubuta abu biyu da muka ga kamar ba su kai a rubuta ba: maɓallin kunnawa da kashewa, da agogon da ke riƙe lokaci ko an ɗauke wuta. Mun yi ta gardama a kan waɗannan har kwana da kwanaki. Abin da babu wanda ya rubuta, saboda babu wanda ya ɗauke shi a matsayin hasashe, shi ne cewa ramuka za su zauna inda suke, ramin iyafis zai nan, wayar kyamara za ta shiga, manhajarmu kuma za ta tashi kamar kullum. A zukatanmu wannan ba zato ba ne, haka abin yake. Shi ne kuma ya tsayar da mu.

Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba, Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce a kan fanel guda, tsawonta milimita 85, faɗinta 56, kusan girman katin cirar kuɗi. A gefenta akwai ƙafafu arba'in a jere biyu. Ta 1 da ta 17 suna ba da bolt 3.3, ta 2 da ta 4 suna ba da bolt 5, guda takwas na ƙasa ne, sauran 28 kuma su ne hanyar da kwamfutar ke ji da kuma ba da umarni: ta karanta na'urar auna zafi, ta buga rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, ta yi magana da wata na'ura. Wannan tsari ya zo ne da samfurin B+ a watan Yulin 2014, kafin nan 26 ne. Tun daga lokacin ba a taɓa shi ba, kuma a kan wannan Oga yake dogara. Yakan ce, "Shekara tara ba su motsa ƙafa ɗaya ba, yau ne za su fara?" Gaskiyarsa ne, ba su motsa ba. Ko da yake a 2012, tsakanin fitowa ta farko da ta biyu na samfurin B, an taɓa sauya abin da ke bayan ƙafa ta 3 da ta 5 da ta 13 alhali ƙarafan suna nan inda suke. Da mun tuna da wannan, da ya ishe mu ishara.

Aikin da ya shigo

A tsakiyar Satumba wata ƙungiyar masu kiwon kaji da gonakinsu ke wajen Bukuru da Zawan ta neme mu. Shugabarsu, wata Hajiya da muka taɓa haɗa wa sola, ita ta zo da kanta. Damuwarsu ɗaya ce, sanyin hunturu. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare yakan yi sanyin da ma'auni ke sauka kusa da digiri 10. Ɗan tsakon kwana ɗaya kuwa yana son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa rage masa kamar digiri 3 duk mako. Idan gawayi ya mutu a kasko da ƙarfe ukun dare mai gadi bai farka ba, 'yan tsaki za su taru su hau kan juna a lungu guda, na ƙasa su shaƙe. Da safe sai dai a kwashe.

Na'ura goma sha biyu suke so, ɗaya a kowane ɗakin reno, a kafa kafin tsakiyar Disamba. Mun riga mun taɓa yin irinta a kan Pi 4: na'urorin auna zafi na DS18B20 a ƙafa ta 7, rile uku a ta 11 da ta 13 da ta 15 don ƙwayayen lantarki masu ba da zafi, fankar ɗaki a ta 12, na'urar sim ta SIM800L a ta 8 da ta 10 don tura tes, da ɗan agogo DS3231 a ta 3 da ta 5. Agogon yana da muhimmanci, don zafin da ake so ya danganta da kwanakin 'yan tsakin, kuma Pi 4 takan manta ranar da ake ciki idan wuta ta yanke babu intanet. Sai kuma abin da na fi alfahari da shi, murya. Yawancin masu gadin gonakin nan dattawa ne, ba sa karanta tes, wasu ma wayar tana hannun jika. Don haka muka naɗi muryar Oga da Hausa tana cewa "Zafi ya sauka, a duba wuta," tana fita ta ramin iyafis zuwa ƙaramar lasifika a ɗakin mai gadi.

Hajiya ta ƙara buƙata guda. Ta ce, "Injiniya, ma'auni yana iya cewa lafiya lau alhali iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ni idan na leƙa na ga yadda suka kwanta, na san halin da suke ciki." Wannan magana ce ta wadda ta daɗe a harkar. Idan sun ji sanyi sukan cunkushe ƙarƙashin wuta, idan zafi ya yi yawa su gudu jikin bango suna haki, idan daidai ne su bazu ko'ina. Muka yi alkawarin kyamara a rufi da manhajar da za ta riƙa duba yadda suka bazu. A ra'ayina, in don kunna ƙwan lantarki da kashewa ne kawai, ɗan ƙaramin fanel mai sauƙi irin Pico ko ESP32 ya wadatar, kuma ya fi jure ƙura da yankewar wuta. Kyamarar nan ce ta sa muke buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, Pi 4 kuwa takan yi nishi da irin wannan aiki.

Ranar 28 ga Satumba aka sanar da Pi 5. Aisi, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, BCM2712 mai zuciya huɗu, gudun gigahaz 2.4, aka ce ta ninka Pi 4 sau biyu zuwa uku, farashinta a lokacin dala 60 mai gigabait 4, dala 80 mai gigabait 8. Kafin azahar hotunanta sun cika WhatsApp. Abin da muka fara yi shi ne komawa gaban allo mu ga wa ya canka. Ni ban dace ba, mai gigabait 16 sai a Janairun 2025 ta fito. Oga ya samu rabi, domin an sa ƙaramin mahaɗin PCIe da ake iya jona faifai ta kansa, amma HDMI ƙananan nan ne dai guda biyu. Ɗalibin ya ci duka biyu. Muka ƙirga ƙafafu a hoto, arba'in cif. Ramukan ɗaure kusa huɗu suna wurinsu. Oga ya ce, "Shi ke nan, a sa mana ita."

Kamfanin ya fitar da doguwar sanarwa a ranar, kuma kusan duk abin da ya zo ya dame mu yana cikinta a rubuce. Mun buɗe ta. Amma mun karanta ta ne da idon allonmu, muna neman amsar tambayoyin da muka riga muka yi gardama a kansu, muna tsallake abin da ba mu taɓa tambaya ba.

Abin da ya sa aka yi gaggawa

Kuɗi ne. Tun da aka saki naira a watan Yuni farashin kaya bai ƙara zama wuri ɗaya ba, kuma a daidai wannan lokacin dala ta haura naira dubu a kasuwar bayan fage. Hajiya ta ba da kuɗin kafin alƙalami, kuma kowace rana suka kwana a asusu raguwa suke yi. A makon farko na Oktoba na tura zanen fanel ɗinmu, wanda ke hawa kan ƙafafu arba'in ɗin, zuwa masana'anta a China. Muka sayi dogayen wayoyin kyamara masu faɗi, irin na Pi 4. Muka kai zanen akwati wajen mai yankan roba da leza, zanen da muka yi wa Pi 4 ne ban sauya ko layi ɗaya ba, muka ce ya yanka goma sha biyu.

A daren da zan tura zanen akwatin ɗalibin ya miƙo min wayarsa. Ya ɗauko hoto daga wani bidiyo ya ƙara masa girma. Ya ce, "Yaya, duba ramin netwok ɗin nan, kamar ba a inda yake a namu ba." Na ɗan kalla na ce masa masu bidiyo sukan ɗauka da kyamarar gaba, ita kuma tana juya hoto dama ya koma hagu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce a hankali, "Amma Yaya, in an juya hoto ai ƙafafun ma za su juya tare da shi." Na ji maganar. Ban tsaya na auna ta ba, saboda mai yanka ya ce in bai samu zane a daren ba, gobe farashin roba zai tashi. Na ce masa za mu duba, na tura.

Hujjarsa ba ta da makusa. A Pi 4 ramin netwok yana gefen da ƙafafu arba'in suke. A Pi 3 yana ɗaya gefen, wajen HDMI, kuma can aka mayar da shi a Pi 5. Duk yadda aka juya hoto, abin da ke maƙwabtaka da ƙafafun zai ci gaba da maƙwabtaka da su. Minti biyu sun isa in ɗora Pi 4 ɗinmu kusa da hoton in gani da idona. Laifin wannan nawa ne, ba na mai yanka ba, ba na kamfani ba.

Akwai shawara guda da ta tsira, ita ma ba da wayonmu ba. Oga ya so a cire agogon DS3231 daga fanel tun da sabuwar tana da nata, a rage kuɗi. Sai dai zanen ya riga ya tafi, gyara kuma zai jawo ƙarin kwanaki, sai aka bar shi.

Ranar da ta iso

An fara sayar da ita a ƙarshen Oktoba, amma samunta ya yi wuya a farko. Guda biyu suka fara zuwa hannunmu a mako na uku na Nuwamba, a jakar wani ɗan'uwan Oga da ya dawo daga Ingila. Fanel ɗinmu ya riga ya iso. Na ɗora shi a kan ƙafafun na danna, ya zauna daram. Oga ya ɗauko mita ya taɓa ƙafa ta 1, bolt 3.3. Ta 2, bolt 5. Ya ɗago ya kalle mu da murmushi. Farin cikinmu na ranar ke nan gaba ɗaya.

Ɗalibin ya ɗauko akwati ya zura ta. Bakin USB ya fuskanci ramin netwok, ramin netwok ya fuskanci na USB. Bai ce komai ba, ya ajiye akwatin a kan tebur a gabana. Na ɗauko wayar lasifika zan jona, na juya fanel ɗin ta kowane ɓangare, babu ramin iyafis, an cire shi. A wurinsa mahaɗai biyu ne na kyamara ko allo, su ma ba irin waɗanda muka sani ba: masu layi 22 ne sirara, namu kuwa masu layi 15 ne. Wayoyin da muka saya ba za su shiga ba.

Waɗannan ido yana ganinsu. Waɗanda suka ci mana kwanaki su ne na ɓoye. Na sa sabuwar manhajar gudanarwa ta Bookworm, wadda ita ce ke tafiya da Pi 5 a lokacin, na kwafe namu aikin na tayar. Layin farko ya faɗi, da saƙon cewa an kasa gano adireshin da ƙafafun suke a cikin aisi. Mun gina komai a kan RPi.GPIO, manhajar sarrafa ƙafafun da kowa ke amfani da ita shekara da shekaru. Ita kuwa yadda take aiki shi ne ta shiga kai tsaye cikin babban aisi ta taɓa makunnan ƙafafun da hannunta. A Pi 5 ƙafafun sun bar hannun babban aisi. An miƙa su ga wani sabo mai suna RP1, wanda kamfanin ya ƙera da kansa, ya ce tun 2016 yake aikinsa kuma ya ci dala miliyan 15. Shi ke riƙe da USB da netwok da kyamara da ƙafafu arba'in, yana magana da babban aisi ta hanyar PCIe. Manhajarmu tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da mai shi ya tashi. Kama da wane ba ta wane. Ƙarfe ɗaya, lamba ɗaya, wuta ɗaya, amma wanda ke amsawa a ciki daban ne.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kamfanin da kansa ya daɗe yana nuna wa mutane wata manhajar, gpiozero, wadda ke bi ta hanyar da tsarin gudanarwa ya tanada maimakon tsallake katanga. Sai dai sake rubuta duk inda muka taɓa rile da maɓalli, da gwada kowanne da ƙwan lantarki a kan tebur, ya ɗauke ni kwana huɗu. Na'urorin auna zafi da agogo ba su ba da matsala ba, don su dama ta hanyar tsarin gudanarwa suke bi.

Sai na'urar sim. Ka tura mata AT, ta amsa OK, haka aka saba. Na tura, shiru. SIM800L tana da halinta, tana son bolt 3.4 zuwa 4.4 kuma takan fizgi har amfiya 2 lokacin da take neman layi, don haka duk wanda ya saba da ita wuta yake fara zargi. Oga ya sauya kafasita, ya sake ɗora dalma, ya sauya na'urar gaba ɗaya, ya sauya sim. Kwana biyu. A rana ta uku ɗalibin ya ɗora mita a ƙafa ta 8 ya ce in yi ta turawa ba tsayawa. Lambar ba ta ko girgiza ba. Ashe saƙon ba ya fita ta nan sam. A Pi 4, sunan serial0 da manhajarmu ke kira yana nufin ƙafa ta 8 da ta 10. A Pi 5 wannan sunan yana nufin wani ɗan mitsitsin mahaɗi mai ƙafa uku da aka sa tsakanin ramukan HDMI biyu don masu binciken matsala. Can muke ta aika gaisuwa babu kowa. Layi ɗaya a fayil ɗin saiti na config.txt don buɗe uart0, wato hanyar saƙo ta ƙafa ta 8 da ta 10, da sauya sunan da manhajarmu ke kira zuwa ttyAMA0, sai ga OK. Shi kansa fayil ɗin ya koma cikin /boot/firmware a Bookworm, na ɓata rabin awa ina gyara wanda ba a karantawa.

Yadda gyara ɗaya ke jawo wani

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin kowace matsala ita kaɗai ƙarama ce, haɗuwarsu ce ta yi nauyi.

Murya tukuna. Akwai ƙaramin amfilifaya da ke karɓar sauti kai tsaye daga ƙafafu, amma yana buƙatar ta 12 da ta 35 da ta 40, mu kuwa mun riga mun ba fankar ɗaki ta 12 a fanel ɗin da aka buga. Sai muka koma ga ɗan abin sauti na USB. Wato ramin USB da akwatin ya toshe ya zama dole.

Sannan zafi. A watan Oktoba na ce ba ma buƙatar fanka a kan kwamfutar, sanyin Jos ya ishe ta. Na manta cewa akwatin ba a sararin Jos zai zauna ba, a ɗakin da mu da kanmu muke ɗumamawa zuwa digiri 33 zai zauna. Pi 5 tana fara rage gudu idan aisinta ya kai digiri 80, kuma da muka sa ta aikin hoto a rufe ba ta daɗe ba ta kai. Muka samo abin sanyayawa mai fanka da aka yi mata, sai ga ƙafafun rile da suka leƙo ta ƙarƙashin fanel ɗinmu suna neman taɓa ƙarfensa. Dole aka ɗaga fanel ɗin da dogon mahaɗi da dogayen ginshiƙai, murfin akwati ya daina rufuwa. Kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji ya san ƙurar dusa da ta ɓawon katako, fanka ba za ta yi wata guda ba ta toshe. Muka yanke shawarar akwati ya zauna a waje, a baranda, wayoyin auna zafi su shiga ta bango. DS18B20 tana jure 'yan mitoci ba damuwa.

To amma kyamara tana rufin ɗaki, kuma wayoyin da kamfanin ya fitar don sabon mahaɗin mafi tsawonsu a lokacin santimita 50 ne. Sai kyamarar USB mai doguwar waya da fitilun ganin dare. Yanzu USB tana ɗauke da kyamara da abin sauti. Wutar kuma daga batirin sola take zuwa, ta na'urar rage bolt 12 zuwa 5, ta shiga ta ƙafa ta 2 da ta 4. Pi 5 tana son caja mai amfiya 5 da ke gabatar da kanta ta ramin USB-C. Idan ba ta ji wannan gabatarwa ba, sai ta taƙaita abin da take ba na'urorin USB zuwa miliamfiya 600 maimakon amfiya 1.6. Da rana lafiya lau. Da magariba, fitilun kyamara na kamawa, sai kyamarar ta ɓace. Ana iya ɗage wannan iyaka da layi ɗaya a config.txt, amma wannan karon Oga bai bari na rubuta ba sai da ya ɗora wa na'urar rage wutar kaya na awa guda yana kallon mita, ya tabbatar bolt ɗin ba ya faɗuwa.

Agogon cikin Pi 5 ba mu yi amfani da shi ba. Yana son wani batiri na musamman mai caji da ɗan fulogi mai ƙafa biyu, mun zaga Terminus da titin Ahmadu Bello ba mu samu ba. DS3231 da batirinsa na CR2032, wanda kowane mai gyaran agogo ke sayarwa, shi ya ci gaba da aiki.

Abin da aka kafa a ƙarshe

A makon farko na Disamba muka je gidan Hajiya ni da Oga muka faɗa mata komai. Oga ya ce, "Ranki ya daɗe, mun yi riga malam masallaci. Goma sha biyu ba za su samu a ranar da muka ce ba." Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya: "Tsohuwar fa, wadda kuka ce kun taɓa yi, ita tana aiki?" Tana aiki. A lokacin kuma Pi 4 ta dawo kasuwa bayan ƙarancin 2021 da 2022. Aka tsaya a kan takwas su tafi da Pi 4, da akwatunansu yadda aka yanka, da ramin iyafis, da wayoyin kyamara da muka riga muka saya, sai dai kyamarar za ta riƙa ɗaukar hoto jefi-jefi ne ba a kai a kai ba. Ba don agogon da ya tsira a fanel ba, da wannan mafita ba ta yiwu. Huɗu kuma, na manyan ɗakuna, za su jira Pi 5. Mu muka biya kuɗin sake yankan akwatuna huɗun da kyamarorin USB, ribar aikin kusan duk ta tafi a nan.

Takwas ɗin sun shiga a kan lokaci. Huɗun sun makara da mako uku, ɗaya daga ciki kuma na Hajiya ne. Ta riga ta biya kuɗin 'yan tsaki, ranar karɓa ba ta ɗagawa. Suka iso ɗakin babu na'ura, aka koma kasko da gawayi. Darare biyu na farko ni da ɗalibin muka kwana a gonar muna karɓa-karɓa da Baba mai gadi, ma'aunin zafi a hannu. A dare na huɗu, ba ma nan, gawayi ya yi sanyi gab da asuba kuma ta yi asarar wasu. Ba ta kira ta yi faɗa ba. Hoto kawai ta turo min, an jera su a kan buhu. Har yau yana wayata.

An kafa nata a farkon Janairu, 'yan tsakin sun riga sun fara fitar da gashi. Zagaye na gaba ne ya gwada ta da gaske. Na je na kwana a daren farko don in ga yadda za ta yi. Wajen ƙarfe uku da rabi iska ta taso daga gabas, ma'auni bai sauka sosai ba, amma a hoton da ke kan wayata na ga sun fara janyewa daga bangon ƙofa suna taruwa a tsakiya. Rile ya buga, ƙwai na biyu ya kama. Bayan 'yan mintoci muryar Oga ta fito daga ɗakin mai gadi. Baba ya fito da tocila, lulluɓe da bargo, bai nufi wajen wuta ba. Ya sunkuya a bakin ƙofa, ya jawo wani buhu da iska ta ture, ya mayar da shi ya danne da dutse. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce min, "Ɗana, sun bazu. Je ka kwanta."